Damin Farko da Rabuwar Gandunmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya ja kwanana har na ga jikoki. Wannan babi dominku na rubuta shi, ku 'ya'yana da ke zaune Anka da Bukkuyum, saboda na lura kowa yana da nasa labarin game da yadda gidanmu ya rabu biyu, rabi a ƙauye, rabi a Gummi. Wasu sun ce a kan gona muka yi rigima da ƙanena Haruna. Wasu sun ce matanmu ne ba su jitu ba. Babu ko ɗaya a ciki. Ina wurin aka yi komai, kuma ni na yanke shawarar da ta jawo rabuwar. Saboda haka zan faɗi abin bi da bi. Mai karantawa ya fara daga farko, kada ya tsallaka.

Gidanmu gidan gandu ne, a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, ba nisa da Adabka. Ku da kuka tashi a gari ba ku san gandu ba, to ga shi: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Baba ne shugaba. Ni da Haruna muna yi masa aiki da safe, da yamma kowa ya tafi 'yar gayaunarsa, wato gonar da yake nomawa don kansa. Baba ke hawa rumbu ya fito da hatsi, Inna ke raba wa matanmu sussuka da daka da girki. Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifin Baba aka sa mini, wato Mamman, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta faɗa wa uwarku A'i, ko da ina zaune a wurin. Haruna kuwa autanta ne. Da shi take hira, shi take zagi, shi take ɓoye wa ƙanzo. Tsakanina da shi an haifi wasu, ba su zauna ba.

Yanzu ga al'adar da magana ta taso a kanta. A bakin gonarmu ta gabas, inda burtalin shanu ya ratsa, akwai wata tsohuwar tsamiya. Duk shekara in gero ya nuna aka yanke, damin da aka fara ɗaurewa ba ya shiga rumbu. Maigida ke ɗaukarsa a ka, ba takalmi a ƙafarsa, ba ya yi wa kowa magana a hanya ko an gaishe shi, ya kai gindin tsamiyar ya jingine, ya juyo gida ba tare da ya waiwaya ba. Kafin a yi wannan, babu mai sa sabon gero a baki a gidan, ko da tumu ne na yara. Washegari in an bi ta wurin, damin ba ya nan.

Wannan al'ada ba haka take tun asali ba. Na binciki Baba da tsofaffin ƙauyenmu, na tarar ta bi matakai uku. Na farko, a zamanin kakannin Baba, sunanta damin Doguwa. Musulunci ya daɗe a Anka da manyan garuruwa, amma ƙauyuka irin namu a hankali ya shige su, gida gida, mutum ya kama salla bai saki abin da ya tarar ba. A lokacin, baƙin bunsuru ake yankawa a gindin itacen, a zuba giya, a roƙi Doguwa, aljanar da suka ce tana ciki, ta bar gida lafiya. Na biyu, kakana Mamman da ya riƙi salla sosai ya hana giya, bunsuru ya koma kaza. Na uku, a zamanin Baba, Liman Isa ya sa aka daina yanka a gindin itace. Kazar aka riƙa yankawa a gida da bisimilla, yara su ci, Liman ya shafa fatiha, sunan kuma ya koma damin baƙo, wato sadaka ga duk mai wucewa. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne tsamiyar, da tafiya ba takalmi, da shiru, da rashin waiwaye. Ni na tashi ina ganin abin kamar yadda nake ganin shuka da noma: aiki ne da ke da lokacinsa. Ban taɓa tambayar kaina wa ake ba ba.

Haruna ne ya tambaya. Ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa, wannan ban taɓa musu ba. Ni iyakacina allo da 'yar makarantar boko da ta sa na zama malamin yaƙi da jahilci. Shi kuwa ya yi karatu a Gummi, ya wuce Sakkwato, ya dawo a shekarun da kaset ɗin wa'azi ya fara yawo a kasuwanni. Ina so ku san alherin da ya zo da shi kafin ku ji sauran. Shi ya gyara wa matan gidanmu fatiha. Shi ya koya wa Inna tahiya, tana kuskure tana zaginsa, yana dariya yana maimaitawa. Shi ya hana a riƙa ɗirka wa jarirai jiƙe-jiƙe ranar da aka haife su. Da hannunsa ya yi yaɓen masallacinmu. Ba mai raina mutane ba ne, amma in ya ga abu ba daidai ba, ba ya iya haɗiye shi.

Tun Baba na da rai ya taɓa maganar. Muna ɗaurin dami a gona ya ce, "Baba, damin ga na farko, wa aka ba?"

Baba ya ce, "Baƙo."

"To baƙon bai san ƙofar gida ba?"

"Wanda nika ba ba shi son a gane shi. Ja igiyar ga da kyau, malam, karatunka bai iya ɗaurin dami ba."

Muka yi dariya, Haruna ma ya yi, maganar ta tsaya nan saboda girman uba. Amma na ga fuskarsa, na san ajiye ta ya yi.

Baba ya rasu a tsakiyar damina, gero na fitar da kai. Ciwon bai daɗe ba. Gandu ya dawo hannuna, Inna ta shiga takaba. Da gero ya nuna muka fara yanka, Haruna ya jira ma'aikata suka tafi, ya same ni a inuwar kuka. Ya yi magana a natse, da ladabi, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yi shiru a zamanin Baba don ba shi da ikon gyara ubansa, amma ni ɗan'uwansa ne. Ya ce an sauya wa abin suna ne kawai, wurin da dokokinsa duk na Doguwa ne, kuma rumbun da sai an biya itace kafin a buɗe shi, shi ba zai ciyar da iyalinsa daga ciki ba. Ya ce in na kai damin tsamiya, a raba gandu, ya ɗauki nasa. Na tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa, domin tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa sa igiyar rabo a gonar nan ba. Ya ce ya sani, ya kuma kwana biyu yana kuka a kai.

Da na koma gida na tarar maganar ta riga ni. A'i ta tare ni a zaure da saƙon Inna: in ba a kai dami ba, ita ba za ta sa geron bana a bakinta ba, ko da za ta mutu da yunwa. Wanda ya san Inna ya san ba barazana take yi ba. Ga yadda na tsaya ke nan: in na kai, na rasa ƙane da rabin gandu. In ban kai ba, uwata da ke cikin takaba ta daina cin abinci a gidana.

Ni ba na yanke magana da zafi. Na sa aka tara geron a gona aka rufe, na ce kada a taɓa, na shiga neman shawara a jere. Na fara da Liman Isa, abokin Baba, wanda a lokacin ya tsufa har sai an riƙe shi zuwa masallaci. Ya saurare ni har na gama, ya yi ta murza carbi. Ya ce yaron yana da gaskiya a littafi, shi ma ya san haka tun yana saurayi. Sa'an nan ya ce:

"Mamman, ni na iske ana yanka a gindin icce, na ja kazar da ƙyar na maido ta cikin gida da bisimilla. Da na ce a bari duka rana guda, da ba ni da mamu ko mutum biyar. Iyakar ƙarfina ke nan. Ku ja naku."

Daga nan na hau keke zuwa Anka, wurin wani malami da ya taɓa zama muhuti, wato mataimakin alƙali. Shi ya rarrabe mini maganar kashi kashi, yadda nake so. Ya ce ba matafiyi hatsi sadaka ce, babu mai musu. Ya ce ganin cewa itace ko abin da ke cikinsa na iya cuta ko amfani ba da izinin Allah ba, wannan shirka ce, ita ma babu mai musu. Ya ce tsakanin biyun nan zuciya ce ke rarrabewa, kuma babu alƙalin da ke shiga zuciya. Shawararsa ita ce a sauya wuri, a kai damin ƙofar masallaci. Da na tashi tafiya ya ƙara da cewa in bi uwata a hankali, domin haƙƙinta ma a littafin yake.

Na dawo da murna, ina ganin na samo mafita. Haruna ya yarda nan take, har ya ce shi zai ƙara dami biyu daga gayaunarsa. Saura Inna. Na je na zauna a bakin ƙofar ɗakinta daga waje, A'i na zaune tsakaninmu. Inna na kan tabarma, kanta ba kitso, da 'yar wuƙar nan da matan ƙauyenmu ke riƙewa in suna takaba, wai don kada wani abu ya kusance su. Haruna ya yi mata magana a kan wuƙar, sai ta daina riƙewa a hannu, ta koma turawa ƙarƙashin tabarma. Na faɗi shawarar malamin Anka. Ta ce wa A'i masallaci yana da zakkarsa, kuma ana ba shi. Ta ce wanda ke ɗaukar damin tsamiya ba zai zo ƙofar masallaci gaban jama'a ya ɗauka ba. Na ga tana kewaye-kewaye, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye ta kai tsaye.

"Inna, tambaya nika yi, ba gardama ba. Damin ga, don Allah aka kai shi, ko don Doguwa?"

Ba ta dube ni ba, ta juya ga A'i.

"Ki ce mishi Allah nika bauta ma tun ba a haife shi ba. Ki ce mishi kuma, shekarar da kurkunu ya kwantar da ubanai bai iya taka ƙasa ba, yunwa ta sa munka ci sabon gero ba a kai dami ba. Kafin rani ya raba, ƙyanda ta ɗauke mini ɗiya biyu. Ni ban ce icce ya kashe su ba. Amma ni na goye su, ba malamin Anka ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Na san an yi mini ƙanne sun mutu, ban san ta ɗaura mutuwarsu da damin ba. Na tashi na fita. Ashe Haruna na tsaye bayan danga, ya ji komai. Ya biyo ni waje idonsa ya yi ja.

"Yaya, ka ji da kunnenka. Tsoron ga shi nika faɗa maka. In ka kai, ka ƙara ɗaure ta. Ni so nika Inna ta koma ga Allah ba ta tsoron kowa sai Shi."

Ina so ku lura da wannan, domin a nan ne mutane ke ɓata labarin. Haruna ba ƙin Inna yake yi ba. Mu biyun duk ita muke dubawa, shi yana duba lahirarta, ni ina duba ranar da take ciki. Kuma ban iya ce masa ya yi ƙarya ba, domin abin da ta faɗa tsoro ne, ba sadaka ba.

Na auna maganar kamar haka. Na farko, hatsin mutum ke ci, ba aljan ba, na tabbata da wannan. Na biyu, ni zan ɗauka, kuma niyyar da ke cikin zuciyata tawa ce, na san wa nake ba. Na uku, tsoron da ya yi shekaru masu yawa a zuciyar mace ba ya fita don an hana ta abu cikin takaba, mijinta bai daɗe a ƙasa ba. In na hana, ba tauhidi zan koya mata ba, jira za ta zauna yi ta ga wane jika zai mutu, kuma a ƙauye irin namu babu shekarar da yaro ba ya mutuwa. Na huɗu, Haruna namiji ne mai ƙarfi da sana'a a ka, in ya fita zai rayu. Inna in ta daina ci, ba za ta kai rani ba. A kan wannan na tsaya. Amma na ƙudura zan ja nawa, yadda Liman ya ce. Na tara su na faɗa musu tun kafin ranar, don kada wani ya ce na yi a ɓoye: zan kai damin tsamiya, amma babu kaza, zan sa takalmina, zan amsa sallamar duk wanda ya yi mini, zan kuma faɗa da bakina cewa sadaka ce, Allah Ya kai ladan ga Baba. Inna ta juya fuska bango. Haruna ya ce tsamiyar ce matsalar, ba takalmin ba. Kowa ya tashi bai ji daɗina ba.

Ranar da na kai, da hantsi ne. Dami a ka, takalmin fata a ƙafa, ina jin nauyin idon mutane daga gonaki. Ban ɓoye muku ba, gabana ya faɗi da na hango itacen, ni da nake cewa ba na tsoronsa. Abin da aka raine ka da shi ba ya tambayar izininka. A burtali na haɗu da Jabbi, wani Bafillace da ke sauka kusa da mu duk kaka, tsaran Baba ne kuma abokin wasansa. Ya yi sallama don tsokana, yadda ya saba yi wa Baba yana sane ba za a amsa ba. Na amsa masa cikakkiya. Ya tsaya ya dogara da sandarsa yana kallona sama da ƙasa.

"A'a, bana damin ya koyi magana? Har da takalmi? Kaɗo, in shekara ta zagayo sai ka kawo muna shi bisa keke."

Na ce masa sadakar Baba ce, ya yi masa addu'a. Ya daina dariya, ya ɗaga hannu ya yi, muka shafa. Ya ce shi dai tun yana yaro ya san in an ga dami a tsamiyar nan na mai rabo ne, kuma ya san gidajen da damin ya rufa wa asiri, amma ba zai faɗa ba. Na jingine damin, na faɗi abin da na ce zan faɗa, na juyo.

Da na shiga gida Inna ta tambayi A'i ko na yi magana a hanya. A'i ba ta ƙarya, ta ce na yi. Inna ta ce an dai kai, a jiƙa sabon gero a yi fura. Aka dama, aka ba yara, ita ma ta sha. Haruna bai sha ba. Da la'asar na ga matarsa Rabi ta kafa duwatsun murhu a ɗaya gefen gidan, tana share hawaye da bakin zane, domin ita da A'i ba su taɓa saɓawa ba. A ranar hayaƙi ya tashi wuri biyu a gidanmu. Maƙwabta ba su tambaya ba, sun gani.

Bayan an gama kaka aka yi rabon. Wakilin dagaci ya zo da Liman da dattawa, aka ja igiya daga kuka zuwa burtali, aka dasa gamba a kan iyaka. Ba a yi musu ko a kan kunya ɗaya ba. Haruna bai karɓi geron shekarar ba, ya ɗauki rabonsa a dawa da gyaɗa. Gonarsa ma a hannuna ya bar ta aro, wannan ya ishe ku shaida cewa ba ƙasa muka yi wa ba. Ya sami wuri a Gummi, zai koyar da yara da safe, ya yi awon hatsi a kasuwa. Na ce masa ko an raba gona ba dole ne ya bar gari ba. Ya ce ba zai iya zama yana ganin ana yi duk shekara ya yi shiru ba, in kuma ya yi magana za mu ɓata, gara ya tafi muna shiri. Na ga gaskiyarsa. Na ƙulla a raina cewa na biya kuɗin shawarata ke nan: na rasa ƙane, na riƙe uwa.

Ban gama biya ba. Inna ta fita takaba ana saura kaɗan Haruna ya tashi. Ta yi wanka, aka yi mata kitso, mata suka zo gaisuwa. Washegari da safe ina gyaran jinkar rumbu sai na ji ta tsaya a bayana, ita kaɗai, ba A'i.

"Kai," ta ce. "Sauko."

Na sauko na durƙusa.

"Gummi za ni da ƙanenka."

Na tambaye ta laifin da na yi, ko takalmin ne, ko sallamar da na amsa. Na ce mata saboda ita na raba gandun ubana.

"Na sani. Ba ka yi laifi ba. Ka kai dami, gidan ga ya samu abin da ka tsare shi, kuma na san halinka, in ka fara abu ba ka bari. Shi ko wancan zai fita ba komi bisa kainai, ga matatai da ciki. Ba ni da icce a Gummi. Ni za ni zamna ƙofar ɗakinai."

Na ce, "Inna, Allah ka tsarewa."

"Shi na. Ni ma Shi za ni roƙo, amma kusa. Kak ka gaya mishi abin da na ce. Bari shi ɗauka karatunai ya ja ni."

Ta juya ta tafi haɗa ƙorenta. Tsawon rayuwata ba ta taɓa yi mini magana mai tsawo haka ba. Ranar tafiya na ɗora kayanta a jaki na raka su har bakin hanyar mota. Haruna na ta murna yana ɓoyewa don kada in ji ciwo. Ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, in sha Allahu zai kula da ita, zai kuma ci gaba da karantar da ita a hankali. Na ce Allah Ya taimaka. Na dawo da jaki ba kaya, na shiga gidan da ya yi mini faɗi.

Inna ta yi shekaru a Gummi. Rabi ta sauka lafiya, aka sami Isiyaku, babban ɗan baffanku. Inna ta shiga makarantar matan aure da tsufanta, ta haddace surori, ta cire layun da ke ɗamararta da hannunta. Haruna yakan ba mutane labarinta a wurin karatu, yadda tsohuwa ta bar al'adar ƙauye ta bi gaskiya. Ni kuwa duk kaka nakan kai musu hatsin gonarsa. In na shiga gaishe ta, takan jira ya fita, ta kalli bango ta ce, "An kai?" In ce an kai. Haka muka yi ta yi. Daga baya ta daina tambaya. Ko ta tabbata ne ba zan fasa ba, ko tsufa ne ya sa ta manta, ko kuwa tsoron ne ya fita kamar yadda Haruna ya roƙa mata, ban sani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba.

Ni dai ban fasa ba, har shekarar da rashin tsaro ya tashe mu daga ƙauye muka dawo Anka. A hannuna abin ya ƙara sauyawa: na daina ɗauka a ka, na koma aika shi a amalanke tare da na wasu gidaje, kuma in na haɗu da mabuƙaci a hanya nakan sauke masa tun kafin a kai itacen. Yaran da suka taso ba su ma san sunan Doguwa ba. Abin da na fahimta a tsawon raina shi ne, addini in ya shiga gari ba ya tarar da fili. Yana tarar da mutane da matattunsu da abin da suke tsoro. Kowane zamani akwai mai ja a hankali irin Liman Isa, akwai mai cewa a yanke irin Haruna, kuma da babu irin Haruna, da masu ja a hankali sun yi barci. Ban ce ku yi abin da na yi ba. Ku kun fi ni karatu, kuma ba ku da tsamiya.

A Gummi Inna ta rasu, a can aka rufe ta. Haruna ne ya yi mata salla, ni ina bayansa. Da aka gama mutane suka watse, muka rage mu biyu a bakin kabarin, ya dafa kafaɗata, gemunsa ya jiƙe. Ya ce abu ɗaya ke sanyaya masa rai, cewa Inna da ƙafarta ta zaɓi ta biyo shi don addini, ta bar abin da ta tarar. Ya ce, "Yaya, ka ga da ban fita ba, da ba ta samu wannan ba."

Maganar tana bakina. Na dube shi, na dubi ƙasar da ba ta bushe ba. Na ce, "Allah Ya ba ka lada, Haruna. Ka riƙe ta da kyau." Kuma gaskiya na faɗa.

Ya rayu bayanta shekaru, muna zumunci, bai taɓa cin geron gidana ba, ban kuma taɓa gaya masa ba. 'Ya'yansa har yau abin da ya gaya musu suka sani. Ku kaɗai na buɗe wa, don ku san kakarku yadda take. In kun je Gummi, ku gaishe su, ku ci abincinsu, ku bar musu labarin ubansu yadda ya bar musu shi.